Tupac Shakur: ɗan gwagwarmaya ne ko ɗan daba?

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske a kan mawaƙin gambarar zamani na Amurka, Tupac Shakur, wanda aka harbe a birnin Las Vegas a shekarar 1996 yana da shekara 25 kacal. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan mutum biyu suka ba ka labarinsa, sai ka rantse ba mutum ɗaya suke nufi ba. Wannan zai ce maka ɗan gwagwarmaya ne da ya tsaya wa baƙar fata da talakawa, wancan kuma ya ce maka ɗan daba ne da kotu ta ɗaure, wanda ya shuka rigima har ta ci shi. Har yau kuma ana ganin hotonsa a shagunan aski da jikin riguna, a hannun samarin da aka haifa bayan mutuwarsa.

Tambayata guda biyu ce. Wanne ne ya fi kusa da gaskiya a cikin waɗannan siffofi biyu? Sannan ta yaya mutumin da bai wuce shekara biyar yana fitar da faifai ba ya bar suna irin wannan? Ina roƙon waɗanda suka san tarihinsa su taimaka da hujja, ba da son rai ba.

Malamin Adabi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Zazzau. Ba za a fahimci Tupac ba sai an fara daga gidan da ya fito. Mahaifiyarsa, Afeni Shakur, 'yar ƙungiyar Black Panther ce, ta masu fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, kuma tana cikin mutum 21 da hukumomin New York suka tuhuma a 1969 da shirin tayar da bama-bamai a birnin. Ba ta karanci aikin lauya ba, amma ita ta tsaya ta kare kanta a gaban kotu, wani ɓangare na zaman shari'ar kuma ta yi shi ne a tsare tana ɗauke da cikinsa. An wanke su a watan Mayun 1971, aka haife shi ranar 16 ga Yuni a unguwar Harlem ta gabas. Sunan da ta raɗa masa daga baya na Tupac Amaru ne, jagoran 'yan asalin ƙasar Peru da ya yi wa mulkin mallakar Sifaniya tawaye, suka kashe shi a 1781. Mijin mahaifiyarsa, Mutulu Shakur, ya yi shekaru hukumar FBI tana nemansa ruwa a jallo kafin a kama shi a 1986. Wanda ya tsaya masa a matsayin uba tun yana jariri, Geronimo Pratt, ya yi shekara 27 a kurkuku kafin kotu ta soke hukuncin a 1997, daga baya ya koma Tanzaniya inda ya rasu. Yaron da ya taso a irin wannan gida bai koyi maganar 'yan sanda da kurkuku daga littafi ba, hirar gidansu ke nan.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne horon da ya samu. Tun yana ɗan shekara 13 ya hau dandamalin wasan kwaikwayo a zauren Apollo da ke Harlem. Da iyalin suka koma Baltimore, sai ya shiga makarantar koyon fasaha ta birnin, inda ya karanci wasan kwaikwayo da rubutacciyar waƙa da rawa, ya taka rawa a wasannin Shakespeare, a nan ne kuma ya yi abota da Jada Pinkett, wadda daga baya ta zama 'yar fim. A 1988 talauci ya sake tayar da su zuwa Marin City a jihar Kalifoniya, lokacin da mahaifiyarsa ta faɗa shan nau'in hodar iblis ɗin nan da ake kira crack, wanda ya ɗaiɗaita unguwannin baƙar fata a wancan zamani. Bai kammala sakandare ba. Ya shiga ƙungiyar Digital Underground a 1990 a matsayin mai ɗaukar kaya da taka rawa a bayan mawaƙa, kafin a miƙa masa makirufo.

Kundinsa na farko, 2Pacalypse Now, ya fito a watan Nuwamban 1991, kuma duk wanda ya saurare shi zai ga inda zuciyarsa take a lokacin. Waƙar "Brenda's Got a Baby" labarin yarinya ce 'yar shekara 12 da wani ɗan'uwanta ya yi wa ciki, danginta suka yi watsi da ita, rayuwarta ta ƙare a titi. Babu alfahari a cikinta, babu kirarin kai, labari ne da aka jero dalla-dalla kamar rahoto. Sauran waƙoƙin kuwa yawancinsu a kan cin zalin 'yan sanda ne, kuma ba da ka yake magana ba, domin wata guda kafin fitowar kundin 'yan sandan Oakland sun lakaɗa masa duka bayan sun tare shi a kan tsallaka titi ba a inda aka ware ba, har ya kai su ƙara. A 1992, bayan wani matashi ya kashe ɗan sanda a jihar Texas, lauyansa ya ce waƙoƙin kundin ne suka tunzura shi, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Dan Quayle, ya fito ya nemi a janye faifan daga kasuwa. A ganina, Malam, siffar ɗan gwagwarmaya ita ce ta asali, sauran kuwa daga baya suka hau kanta.

'Yar Gobir ta rubuta:

Malamin Adabi, bayaninka ya ƙayatar, sai dai ka tsaya daidai inda labarin ya fara ɗaci. Ɗan'uwanmu ya ce a kawo hujja, to ga abin da ke cikin kundin kotu.

A watan Agustan 1992, a wani biki a Marin City, rigima ta ɓarke tsakanin Tupac da mutanensa da wasu samari, harsashi ya sami wani yaro ɗan shekara shida da ke wasa a kusa, ya kashe shi. Bindigar da rajistar sunan Tupac take. Ba a gurfanar da shi ba, amma ƙarar da iyayen yaron suka shigar an sasanta ta ne da biyan kuɗi. A watan Oktoban 1993 ya harbi 'yan sanda biyu da ba sa bakin aiki a Atlanta. Gaskiya ne an janye tuhumar, kuma masoyansa suna ɗaukar wannan a matsayin jarunta. A 1994 an yanke masa kwana 15 a gidan yari saboda dukan wani daraktan fim da ya cire shi daga aiki. Mafi muni shi ne abin da ya faru a wani otal a New York a watan Nuwamban 1993, inda wata matashiya ta ce shi da abokansa sun ci zarafinta. Ranar 1 ga Disamban 1994 kotu ta same shi da laifin cin zarafi ta hanyar lalata, ko da yake ta wanke shi daga tuhume-tuhume mafi nauyi da na mallakar makami, kuma a watan Fabrairun 1995 aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da rabi zuwa huɗu da rabi. Ya musanta laifin har ya mutu, ya kuma ɗaukaka ƙara, amma hukuncin yana nan a rubuce.

Duk wannan ya faru ne kafin ya haɗu da Death Row, kamfanin faifan da ake ɗora wa laifin lalacewarsa. Ina jaddada wannan ne saboda na lura duk lokacin da aka tayar da maganar, sai a ce miyagun abokai ne suka ɓata shi. A shekarar da ya fitar da "Keep Ya Head Up", waƙar da ke rarrashin matan da maza suka bari da 'ya'ya, tana kuma tambayar dalilin da ya sa ake wulaƙanta mata alhali daga jikinsu kowa ya fito, a wannan shekarar ce aka kama shi a kan maganar otal ɗin. Ban ce waƙar ƙarya ba ce, ni kaina tana taɓa mini zuciya. Abin da nake cewa shi ne, iya faɗin gaskiya daban, iya riƙe ta daban, kuma shi ya fi ƙwarewa a na farkon.

Tasirinsa ma ba fuska ɗaya gare shi ba. A lokacin yaƙin basasar Saliyo, 'yan jarida sun ba da rahoton yara 'yan tawaye da ke sanye da riguna masu hotonsa tamkar kakin soja. Ba shi ya aike su ba, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa jinin da suka zubar, amma a fili yake cewa ba waƙar rarrashin mata ce ta ja su gare shi ba.

Mai Faifai ya rubuta:

Na gaishe ku duka. Na yi shekaru ina sayar da kaset da faifai, saboda haka zan kalli maganar ta ɓangaren kasuwa, domin a nan nake ganin amsar tambayar Malam Ɗan Zazzau take. Hajiya 'Yar Gobir ta yi gaskiya cewa rigingimunsa sun girmi zamansa a kamfanin Death Row. Amma Tupac ɗin da duniya ta riƙe, mai ƙirji a buɗe da sarƙar zinare da ɗankwali a ɗaure a ka, yawancinsa hoton wata goma sha ɗaya ne na ƙarshen rayuwarsa, kuma yana da kyau a san yadda aka kai ga wannan.

Daren 30 ga Nuwamban 1994, ana jiran hukuncin kotu, wasu 'yan bindiga suka tare shi a harabar ɗakin naɗar waƙa na Quad da ke Manhattan, suka harbe shi, suka kwashe masa gwala-gwalai. Likitoci sun yi masa tiyata, amma ya bar asibitin ba da izininsu ba saboda yana tsoron a biyo shi a ƙarasa shi, washegari kuma aka turo shi kotu a keken marasa lafiya, kansa naɗe da bandeji. Daga nan ya sa a ransa cewa tsohon abokinsa mawaƙi Biggie Smalls da Sean Combs, mai kamfanin faifai na Bad Boy, waɗanda suke saman benen a wannan dare, suna da masaniya a kan harin. Sun musanta, babu kuma kotun da ta taɓa kama su da wannan, amma shi bai sauka daga kan zargin ba.

Yana kurkukun Clinton da ke arewacin jihar New York kundinsa na uku, Me Against the World, ya fito a watan Maris na 1995, ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin cinikin faifai na Billboard, abin da ba a taɓa gani ba ga mawaƙin da ke tsare. A wurina wannan ne mafi ingancin aikinsa, kuma a ciki ne waƙar "Dear Mama" take, wadda bai ɓoye shaye-shayen mahaifiyarsa a cikinta ba, bai kuma rage mata girma ba. To amma duk da wannan nasara, ba shi da dala miliyan 1.4 da ake nema don ba da belinsa kafin a saurari ƙarar da ya ɗaukaka, domin kuɗin lauyoyi da ɗawainiyar dangi sun cinye abin da ya tara. Suge Knight, shugaban Death Row, shi ya je har kurkukun ya ce zai tsaya masa, bisa sharaɗin ya yi wa kamfaninsa kundi uku. Yarjejeniyar da hannu aka rubuta ta, a kurkukun kuma ya sa mata hannu. Kowa ya san wanda ke cikin rijiya ba ya tambayar ko igiyar wa aka zuro masa.

Ya fito a watan Oktoban 1995, ya wuce Los Angeles kai tsaye ya shiga ɗakin naɗar waƙa. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ba da labarin yadda yakan rubuta baitoci nan take, ya rera su sau ɗaya ko biyu, ya ce a wuce ta gaba, har yakan kammala waƙa uku ko fiye a dare guda. A watan Fabrairun 1996 All Eyez on Me ya fito, faifai biyu a haɗe masu waƙa 27, wanda ya ci biyu daga cikin ukun da ake binsa. A nan salon ya sauya: dukiya, mata, maƙiya, ramuwar gayya. A watan Yuni ya saki "Hit 'Em Up", wadda ba habaici ba ce, zambo ne tsirara da ya kama sunan Biggie da abokansa, ya kuma taɓa matarsa. Kafafen yaɗa labarai suka mayar da abin yaƙi tsakanin gabashin Amurka da yammacinta, mujallu suka yi ciniki, kamfanoni suka yi ciniki, mu ma masu shaguna muka yi ciniki. Kaset ɗinsa na wannan lokaci ya fi na farkon tafiya nesa ba kusa ba, kuma mafi yawan masu saye kiɗan da zafin muryar suke bi, ba ma'anar ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lissafin bayan mutuwarsa. Mutumin da faifansa ya kawo miliyoyi, sai ga shi bai mallaki gidan da yake ciki ba, kamfanin kuma ya ce shi ma yana binsa bashin miliyoyin daloli na motoci da otal da kuɗin ɗakin naɗar waƙa. Sai da mahaifiyarsa ta kai ƙara a 1997 kafin ta karɓo ikon waƙoƙinsa da ba a fitar ba.

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Yaya Mai Faifai, bayaninka ya warware mini abubuwa da dama, na Hajiya kuma ya hana ni saurin yanke hukunci. Saura abu biyu. Shin an gano wanda ya kashe shi? Sannan ina asalin maganar da samari ke yi cewa bai mutu ba, yana ƙasar Kyuba a ɓoye?

Malamin Adabi ya rubuta:

Malam, abin da ya tabbata shi ne wannan. Daren 7 ga Satumban 1996 Tupac da Suge Knight sun halarci damben Mike Tyson da Bruce Seldon a otal ɗin MGM Grand. Bayan an tashi, wani daga cikin mutanensu ya nuna wani saurayi mai suna Orlando Anderson, ɗan gungun daba na Crips na garin Compton, ya ce yana cikin waɗanda suka far masa a wata kasuwa suna neman ƙwace sarƙarsa mai tambarin Death Row. Tupac ne ya fara kai masa naushi, sauran suka rufe shi da duka, kyamarar otal ɗin kuma ta ɗauki komai. Bayan 'yan sa'o'i, motar da Knight ke tuƙawa ta tsaya a danja a mahaɗar titin Flamingo da Koval, wata farar Cadillac ta tsaya a gefensu, aka buɗe wuta. Harsashi huɗu ya same shi, ya yi kwana shida a asibiti, ya cika ranar 13 ga Satumba. Wata shida bayan haka, ranar 9 ga Maris na 1997, aka harbe Biggie a Los Angeles.

Anderson ya musanta hannu a kisan, ba a kuma taɓa gurfanar da shi ba har aka kashe shi a wata rigima daban a 1998. Shari'ar ta kwanta shekara 27, babban dalili kuwa shi ne waɗanda suka ga abin sun ƙi yi wa 'yan sanda magana. Sai a watan Satumban 2023 aka kama kawun Anderson, Duane Davis, wanda da bakinsa ya sha faɗa a hirarraki, har ma a littafin da ya wallafa a 2019, cewa yana cikin farar motar. An tuhume shi da kisan kai, shi kuma ya musanta a gaban kotu. Ina so a lura cewa bisa wannan bayani na masu gabatar da ƙara, ba gwamnati ce ta kashe shi saboda siyasa ba, ramuwar dukan da aka yi a otal ce, kuma dole in yarda cewa wannan ya ƙarfafa hujjar Hajiya fiye da tawa.

Maganar cewa yana raye kuwa tana da tushe uku. Na farko, an ƙona gawarsa ba tare da jana'izar da jama'a suka halarta ba. Na biyu, kundin da ya fito wata biyu bayan mutuwarsa da sunan Makaveli ya fito, sunan da ya aro daga Machiavelli, marubucin siyasa ɗan Italiya da ya karanta a kurkuku, sai masoya suka riƙa yaɗa cewa ishara ce ga dabarar yaudarar maƙiya da mutuwar ƙarya. Kyuba ta shigo ne saboda Assata Shakur, wadda ke da kusanci da iyalinsu, ta tsere daga kurkukun Amurka a 1979 ta sami mafaka a can. Na uku, kuma mafi ƙarfi, sababbin waƙoƙinsa ba su daina fitowa ba. Saurin aikin da Mai Faifai ya ambata ya sa ya bar ɗimbin waƙoƙi a ajiye, mahaifiyarsa ta kafa kamfanin Amaru ta riƙa fitar da su kundi bayan kundi har 2006, ta kuma wallafa rubutattun waƙoƙin da ya yi yana matashi a 1999. Kundayen da suka fito bayan ransa sun fi waɗanda ya gani da idonsa yawa.

Wannan ne ma rabin amsar tambayarka ta biyu. Shekara biyar ya yi yana fitar da faifai, amma kasuwa ta yi shekara goma tana karɓar sabon aikinsa bayan ya tafi, har cinikin ya haura faifai miliyan 75 a duniya. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya shigar da "Dear Mama" cikin taskar muryoyin da ake adanawa don tarihi a 2010, aka sa sunansa a zauren girmamawa na Rock and Roll a 2017.

'Yar Gobir ta rubuta:

Malam, ɗaya rabin amsar shi ne cewa waɗanda suka tace abin da aka fitar bayan mutuwarsa su ne suka zaɓi Tupac ɗin da za a tuna. Waƙar "Changes", wadda ake kafa hujja da ita a yau cewa shi mai wa'azin gyara ne, ya naɗe ta tun a 1992, amma ba ta fito ba sai 1998, bayan an sake mata kiɗa. Da ya rayu, babu wanda ya san ko zai fitar da ita. Saboda haka, Malam Ɗan Zazzau, idan kana son ka auna shi da kanka, ka saurari kundayen da ya fitar yana raye bi da bi, daga na 1991 zuwa na Fabrairun 1996, kana duba shekarar kowanne da abin da yake fuskanta a kotu a lokacin.